Ta'aziyyar Gwaggo Mairo

"Ki fito fili mana, Madam, ki ce ni na sace," in ji Alhaji Audu, yana tsaye a tsakar gidan hayarsa na Gyaɗi-Gyaɗi, ya tattare babbar riga a kafaɗa.

"Ban kira sunanka ba, Alhaji. Amma wa ya rantse a gaban mutane cewa sai 'yar robar nan ta bar masa gida?"

Ana cikin haka Sufeto Bello ya yi sallama da kofur ɗinsa. Bai raba su ba. Ya jingina da bango ya bar su suka ɗan ƙara, don shi a wajen faɗa yake tsintar rabin aikinsa.

Wannan Madam ɗin Josephine ce, haihuwar Kano, malama a sashen koyar da jinya da ungozoma na jami'a. Shekarar da soja suka koma bariki, jami'a ta ware tallafi don malamin da ya zo da sabuwar dabarar koyarwa. Ta rubuta, ta ci. Da tallafin aka sayo wata 'yar roba mai girman cikakkiyar mace, da cikinta, da jaririn roba a ciki, wai ɗalibai su koyi karɓar haihuwa a kanta kafin su taɓa 'yar mutane. Rufin sashensu yoyo yake yi, shi ya sa aka kama ɗaki a gidan Alhaji, kusa da asibiti, ana kawo ɗalibai can.

To, 'yar roba ta yi ɓatan dabo ranar Talata, ga kwamitin tallafi zai zo ranar Litinin ya ga abin da aka yi. Har an riga an ba Madam takardar tuhuma. In ba a ga roba ba, kora ce, da sunan ta cinye amana. Kun san lokacin, farar hula sun hau, kowa ya zama mai bincike.

Sufeto ya duba ɗakin. Kwaɗo lafiyarsa ƙalau. Talabijin da bidiyon koyarwa suna nan, ko ƙura ba a share musu ba. Ya ce Madam ta duba da kyau ko akwai abin da ya bi robar. Ta juya, ta juya, ta ce babu farin zanin gado, babu tabarmar da ɗalibai ke salla a kai.

"Mukulli nawa ne?"

"Uku ne: nawa, da na Alhaji, da na Malam Inuwa. Shi ne babba a sashenmu, sunansa aka sa a matsayin jagoran aikin."

Washegari Sufeto ya sami Malam Inuwa a ofis. Dattijo ne mai tabarau da sanyin murya. Ya ce ranar Talata zazzaɓi ya kwantar da shi a gidansa na Tarauni, mukulli kuwa yana cikin durowa, ga shi. Ya yabi Madam sosai, irin yabon nan da ake ƙarasawa da amma. Wai ba ya son zargi, sai dai ya ji ƙaninta yana da shagon kayan asibiti.

Suna cikin magana masinja ya leƙo, ya durƙusa ya ce, "Malam, ya ƙarin haƙuri?" Malam ya amsa a gurguje, ya kore shi da hannu. Da Sufeto ya tambaya, ya ce wata gwaggonsa ce Allah ya yi wa rasuwa, a ƙauye aka binne ta. Sufeto ya yi masa gaisuwa ya fito, yana mamakin mai makoki da ya fara ba da labarin zazzaɓi.

Ya koma kan Alhaji Audu. Alhaji bai musa ba, ya ce shi ya kira abin gunki, kuma har gobe gunki ne. Amma ranar Talata yana kasuwar hatsi tun safe.

"Direbanka ya ce ba ku je kasuwa ba."

Alhaji ya yi tari, ya sa kofur ya matsa. Ashe taron wata jam'iyya ya je neman kujerar kansila, alhali tutar wata ce a ƙofar gidansa. Ya roƙi a bar maganar a nan. Kunya ta sa ya huce a kan 'yan haya, ya ce ba su ɗauke shi a bakin komai ba, har mutuwa aka yi masa a gida ranar, sai a bakin tela ya ji.

"Wa ya mutu?"

"Ina na sani? Ka tambaye su."

Sufeto ya bi ɗaki ɗaki. 'Yan haya duk ma'aikatan asibiti ne da ɗalibai, da rana ba kowa sai wata mai jego. Ba wanda ya yi baƙo, ba wanda ya rasa kowa. Mai jegon ta ce ita ba ta ji kuka ba, ba ta ga an ɗebi ruwan wanka ba.

Shagon Sani tela yana kallon zauren gidan, nan majalisar layin take. Tun ranar farko kofur ya tambaye su ko sun ga an fita da kaya, suka ce a'a.

"Kaya aka tambaye mu, ranka ya daɗe," in ji Sani. "Gawa ai ba kaya ba ce."

Ya ce bayan la'asar malamin nan mai tabarau ya fito shi kaɗai da gawa a naɗe cikin tabarma, farin ƙyalle yana leƙowa, ga akori-kura tana jira. Su kuwa ba a haife su inda ake barin mutum ya ɗauki mamacinsa shi kaɗai ba. Majalisa ta tashi gaba ɗaya, suka karɓe ta daga hannunsa suna salati. Da suka tambaya, ya ce gwaggonsa ce da ta zo jinya.

"Nauyinta fa?"

"Kamar kara. Na ce wayyo, ciwo ya cinye baiwar Allah. Sai ciki a kumbure."

Sun nemi a yi mata salla a nan, ya ce sai ƙauye. Sun hau motar za su raka, ya yi ta magiya har suka sauka. Abin ya tsaya musu a rai. Da gari ya waye suka tambayi gidansa a makaranta, suka cika tasi suka tafi Tarauni ta'aziyya. Maƙwabta da suka ga haka suka ji kunyar a ce baƙi sun riga su, suka fito da tabarmi. Yau ma, in ji Sani, ake sadakar uku.

Sufeto bai nufi gidan kai tsaye ba. Ya tsaya wajen mai unguwa, ya ji cewa gwaggo ɗaya Malam Inuwa yake da ita a duniya, Mairo, mai sayar da daddawa a Unguwa Uku. Can ya same ta a bakin ƙofa da farantinta, tana mita wai kwana biyu ciniki ya mutu, wata ma da ta hango ta jiya ta yar da kwano ta ruga.

"Inna, ɗan yayanki yana neman ki. Sa mayafi."

Ya aika kofur ya ɗauko Madam, suka haɗu a Tarauni. Ƙofar gida cike, har da Sani tela da majalisarsa, ana raba gumba. Matar Malam ta tafi wankan jego gidansu, shi ya sa ba wanda ya ƙaryata shi daga ciki. Sufeto ya zauna, ya shafa fatiha da jama'a, sannan ya ce a tuna masa sunan marigayiya.

"Mairo," in ji Malam Inuwa, kansa a ƙasa.

"Na'am," in ji tsohuwa daga cikin mota.

Liman ne ya fara miƙewa, ya bar takalmi ɗaya. Wasu suka bi shi, amma ba su yi nisa ba, kowa yana son ganin ƙarshe.

A falo aka ƙarasa. Kofur ya jawo 'yar roba daga ƙarƙashin gado, har yanzu a naɗe. Madam ta durƙusa ta buɗe cikin, ta ga jaririn yana nan, ta zauna daɓas a ƙasa.

Malam Inuwa ya cire tabarau. Ya ce bai yi niyyar sayarwa ba. Kwamiti ya ce jagoran aiki ne zai gwada robar a gaban ɗalibai, shi kuwa bai je horon ba, ya raina abin. Tun kafin a haifi yaran nan da matashin kai da alli yake koyarwa. Ya shiga ɗakin a ɓoye ya gwada, ya kasa ko fito da kan jaririn. Ya so ne a ɗage zuwan kwamitin kawai.

"Da ka ce min, Malam, da yini ɗaya na koya maka," in ji Madam. "Kai ka kawo min takardar tuhuma da hannunka, har kana ba ni haƙuri."

"A rufa min asiri, Madam."

Madam ta ce Sani ya kama mata ƙafafun, kuma wannan karon ban da salati. Sufeto ya ce za a rubuta robar a ofis a ba ta abarta kafin Litinin.

Kofur ya kama hannun rigar Malam. A bakin ƙofa Malam ya waiwayo ya ce, "Gwaggo, ki yafe min."

Tsohuwar tana tsaye tana ɗanɗana gumbar sadakarta. Ta tofar, ta ce ko sukari bai sa ba. Ta jira aka fita da shi, ta gyara mayafi, ta ce duk wanda ya ci ya biyo ta Unguwa Uku ya sayi daddawa. Ta fice, ta bugo ƙofar har labule ya faɗo.