Waye Watan, Waye Duniyar?

Ranar Asabar da magariba Tade ya kafa madubinsa na hangen taurari a kan ganuwar teku, yana nuna wa masu wucewa kyauta. Sai ga wata budurwa, takalmi a hannu, ƙafafu duk taɓo.

"Malam, me ake gani?"

"Jupita da watanninsa huɗu. Leƙa."

Ta leƙa. "Ni uku na gani."

"Ɗayan ya zagaya bayansa. Zai fito."

"Bawan Allah, kullum cikin zagaye," ta ce tana dariya.

Sunanta Inken, 'yar ƙaramin tsibirin nan da ba a isa da ƙafa sai wata ya cika ko ya ɓata, lokacin da teku ke janyewa sosai. Tun daga ranar Tade ya daina gane kansa. Har shayi ya taɓa zubawa a tukunyar furanni.

"Watana, kin isa lafiya?" ya rubuta mata.

"Lafiya lau, Tauraro. Amma wa ya ce maka ni ce watan?"

Ya ɗauka wasa ne. Ashe maganar mahaifinta ce, Baba Broder mai tumaki, wanda ya kafe: "A aure dole ɗaya ya zagaya ɗaya, kamar wata da duniya. 'Yata ba za ta bar tsibirin nan ta koma zagaya ɗan gari ba." Ga kuma Okke mai kwale-kwalen wasiƙu, kullum yana tsibirin, kullum da kifi a hannu.

Wata rana Tade ya hango Okke ya riƙe mata hannu tana saukowa daga kwale-kwale. Kishi ya rufe masa ido.

"Na gani. Allah ya sanya alheri," ya rubuta mata.

"Me ka gani? Da ka so in faɗa ruwa ne?"

Ya ajiye wayar. Ya rasa ko fushi yake ko kunya, abin da ya sani kawai shi ne yana tsoron rasa ta.

Da wata ya cika, ya naɗe wando ya shiga taɓo da safe cikin hazo, zai je ya ba ta haƙuri. Ya bi sandunan alama na arewa, hanyar mutanen gari. Ashe ita ma ta fito da niyya irin tasa, ta bi na kudu, hanyar 'yan tsibiri. Suka wuce juna ba su sani ba.

"Ina ƙofar gidanku. Kina ina?" ya rubuta mata.

"Ina ƙofar gidanku! Ga Mamanka nan tana kallona."

Kafin su gama mamaki ruwa ya dawo, iska ta taso, ko kwale-kwalen Okke bai motsa ba. Tade ya maƙale a tsibirin da mutumin da ba ya son ganinsa.

"Tunda ka zo, kama tunkiyar can," in ji Baba Broder.

Tunkiyar ce ta kama Tade, ta kayar da shi. Amma ya tashi, ya sake bin ta. Kwanaki suna hawa da tumaki tudu tare, suna cin miyar kifi. Da sama ta washe, tsohon ya yi gyaran murya.

"To ɗan gari, waye watan, waye duniyar?"

Tade ya ce, "Baba, wallahi ni ma na rikice. Amma can nesa a sama akwai duniyar Pluto da watanta. Babu mai zagaya wani shi kaɗai, dukansu suna zagaya wani wuri ne a tsakaninsu. Kuma fuskarsu kullum tana kallon juna."

"A tsakaninmu ai taɓo ne kawai."

"To a nan zan tsaya."

Tsohon ya dube shi yana tunani. Shi ɗan gari ya taka zuwa tsibiri, ita ta taka zuwa gari, kuma ba wanda ya sa su. Ya girgiza kai. "Ku biyun nan ba ku da hankali. Kun dace."

Aka yi yarjejeniya: bazara a tsibiri, sanyi a gari. Da wani watan ya cika, aka ɗaura auren a tsakiyar hanya, kowa ba takalmi, fasto yana addu'a yana satar kallon teku. Okke ne ya kawo kek a kwale-kwalensa tun ana gobe aure.

"Allah ya haɗa kanku," in ji Baba Broder. "Ku yi sauri, ruwa na zuwa."

Inken ta matse hannun mijinta. "Tauraro, ina muka nufa, gari ko tsibiri?"

"Ko'ina, Watana. Amma yau hanya ɗaya za mu bi."