Gwajin Zayyad

"Wato bikin Yaya Hafiza ne ba za ka zo ba?"

"Mukarrama, ki fahimce ni mana..." Muryar Zayyad ta yi sanyi a waya. "Mutanen Malesiyan nan ba wasa suke ba. Sai gwajin korona ya nuna lafiyata ƙalau kafin in hau jirgi, in na sauka ma killace ni za su yi a otal. An ce in guji taro."

"Dangin nawa ne taro? So kake a ce tun ba ka tashi ba ka fara gudunmu?"

Ta kashe wayar tana kuka.

Ranar biki sai ga shi a kan babur, tun daga Furana har Makarfi, da takunkumi a fuska. Ita da hannunta ta zare masa, wai yana ɓata hoto. Ya gaisa da kowa, ya ci abinci faranti ɗaya da abokan ango, ita kuwa sai murmushi take tana kallon ƙawayenta.

Ana saura kwana kaɗan tafiya ya kira ta daga Kaduna.

"Sakamako ya fito, abar ƙaunata... an ce ina ɗauke da ita."

Jirgi ya tashi babu shi.

Tun daga ranar Mukarrama ta kasa ɗaga wayarsa. Da ta ga sunansa sai ta kife wayar. Shi ne na farko a gidansu da ya samu gurbin karatu kyauta a ƙasar waje, har rago mahaifinsa Baba Jumare ya yanka. Da wace fuska za ta ce masa sannu?

Mamanta ce ta gaji, ta dafa farfesun kaza ta miƙa mata.

"Tashi ki je. Ɓuyan nan naki ya fi laifin muni."

Mukarrama ta sa takunkumi ta je gidansu Zayyad, ta samu Inna Kulu, mahaifiyarsa, a tsakar gida tana ɓarar masara. Ta durƙusa daga nesa, ta gaishe ta, kanta a sunkuye.

"Jiki da sauƙi," in ji Inna. "Yaron nan bai jin magana. Ya ce kasuwar Ikara ya shiga sayen akwati, can ya kwaso."

Mukarrama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe rufa mata asiri ya yi!

"Inna... ba kasuwa ba ce. Ni ce. Ya ce ba zai zo bikinmu ba, na matsa masa da kuka. Ni na cire masa takunkumi da hannuna."

Hannun Inna ya tsaya cak.

"Kin san daɗewar da ya yi yana neman karatun nan?"

"Na sani, Inna."

"Da kin yi shiru, ba mai ji."

"Ba zan iya ci gaba da gaishe ki a haka ba..."

Inna ta sauke numfashi, ta nuna mata ɗakin da ke bayan rumbu.

"Ta taga za ki tsaya."

Zayyad ya rame, amma da ya gan ta sai idonsa ya yi haske.

"Sai yau, gimbiya?"

"Ka yafe min, Zayyad! Na ɓata maka komai!"

"Ke kika ɗora ni a babur? Da ƙafata na zo. Kuma wa ya san inda na ɗauka?"

"Makarantar fa?"

Ya kau da kai. "Zangon bana ya wuce. Sun ce in sake nema baɗi, ba su yi alkawari ba."

Hawaye suka jiƙa mata takunkumi.

"Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba," ya ce a hankali. "Amma kiran da kika ƙi ɗagawa ya fi min ciwo. Kar ki ƙara."

"Ba zan ƙara ba, wallahi."

"Baba ya ce tunda ina gida, bayan girbi za a kai gaisuwa gidanku."

Ta rufe fuska da mayafi.

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya, babu dariya a ciki, babu kuma faɗa.

"Ke 'yar nan, tsayuwar ta isa haka. Wanke hannunki ki zo ki kama min masarar nan."