Ƙibar Jegon Surayya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta, Ya sanya jiki amana a hannun mai shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Da hantsi Ishaƙu tela ya kashe moto, wato babur ɗinsa, a ƙofar gidan surukansa, a wani ƙauye na karkarar garin Sarkin Hausa, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a zaure. Daga Mayahi ya taso. Matarsa Surayya ta zo wankan gida bayan ta haifi ɗansu na fari, kuma tun da ta taho, shagonsa ya zame masa kamar kurkuku, don ƙauna ce ta haɗa aurensu.

Wadda ta amsa sallamarsa ita ce Iya Hafiza, kakar Surayya ta wajen uba. Tun rasuwar mahaifin yarinyar, maganarta ce doka a gidan.

"A'a, angona ne! Mi ka kawo mini? Ko yau ma hannu biyu ka taho, kamar mai zuwa makoki?"

Ya miƙa mata ƙullin goro, suka gaisa, sannan ya ce, "Iya, magana gare ni, amma ba ta wasa ba."

"Tsakanina da kai har akwai maganar da ba wasa ba?"

"Iya, don Allah ki saurara. Ranar da aka sallame ta daga matarnite, asibitin haihuwa, Madam Sakina ungozoma ta ja ni gefe. Ta ce tansiyon Surayya ya hau, wato hawan jini gare ta. Ta ce kada a ba ta kunun kanwa, a rage gishiri, kada a yi mata wanka da tafasasshen ruwa. In kuma ta fara kumburi ko numfashi ya yi mata wuya, a mayar da ita maza."

Iya ta ɓare goro ta jefa a baki.

"Madam ɗin ita aka yi wa jego ko ni? Da kanwa na haifi uban matarka, da kanwa na yaye shi. Ku dai yaran yanzu komi sai tansiyo! Akuyata ma jiya ta ƙi cin dusa, ƙila tansiyo gare ta. Je ka ɗinka mini zane, ka bar wa mata sha'aninsu."

Ya hau moto yana huci. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kaka abokiyar wasa ce, duk abin da ya faɗa sai ta mayar da shi raha. Inna Binta, mahaifiyar Surayya, suruka ce, ko fuskarta bai taɓa kallo ba, daga bayan danga suke gaisawa. Ita kuma Surayya ce ɗiyarta ta fari, tana yi mata alkunya: ba ta kama sunanta, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan". Surayyar kanta an hore ta da cewa mai haihuwar fari ba ta raki. Gida cike da masu ƙaunarta, amma an rasa bakin da zai ce ba ta da lafiya!

Ya koma ya sake komawa, kullum amsar ɗaya ce. Rannan ma Iya da murna ta tare shi.

"Zo ka ba ni tukuici! Matarka ta yi ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura. Jego ya karɓe ta. Wane likita ne zai yi maka wannan aiki?"

A ranar ya kawo rigar da ya ɗinka mata, har ya ƙara faɗi saboda goyo. Ya roƙa aka bar ta ta fito zaure. Daga ɗaki zuwa zaure kawai, amma sai da ta dafa bango ta tsaya tana haki.

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce, tana ƙoƙarin murmushi. "Ka rame. Wa ke dafa maka?"

"Bar zancen cikina. Gwada rigar nan."

Hannun rigar ya ƙi wuce gwiwar hannunta. Ya dubi zoben da ya saya mata, ya nutse cikin yatsa. Ya dubi ƙafafunta, babu takalmi.

"Ina takalminki?"

"Sun daina shiga. Iya ta ce ƙiba ce."

"Kina barci?"

Ta sunkuyar da kai. "A zaune, na jingina da bango. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji."

"Innalillahi! Kin gaya wa Inna?"

"Haba, maigida! In ce mata mi? A ce ɗiyarta raguwa ce?"

Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a bayan ƙafarta. Da ya ɗauke, wurin ya zauna a lotse kamar an danna malmalar tuwo, ya ƙi tasowa. Hawaye ya zubo mata.

"Ina jin tsoro," ta ce a hankali. "Kada in bar maka yaron nan."

Daga cikin gida Iya ta ɗaga murya: "Ke mai jego! Ruwa ya tafasa, zance ya isa haka nan!"

Ishaƙu ya miƙe. Ya san abin da za a ce da shi daga nan har Mayahi. Duk da haka ya yi sallama da ƙarfi, ya ratsa zaure ya shiga tsakar gidan da bai taɓa takawa ba. Ga ƙatuwar tukunya a kan murhu tana tafarfasa da ganyen bedi, wato dogon yaro, ga ƙwaryar kunun kanwa an rufe da faifai. Inna Binta tana daka. Da ganinsa ta saki taɓarya, ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango.

"La'ilaha illallahu!" in ji Iya. "Yau ga ɗan zamani! Har cikin gida?"

Ya zube a ƙasa bayan surukarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Wallahi ba raini ya shigo da ni ba. Abin da ke jikinta ba ƙiba ba ce, kumburi ne. A zaune take kwana. A ba ni ita in kai ta likita."

Inna Binta ba ta juyo ba. Iya kuwa wasa ya ƙare.

"Ni za ka koya wa riƙon jego? Ita kaɗai ɗana ya bar mini, kai ka fi ni sonta? Mai jego ba ta taka waje kafin arba'in. In sanyi ya shige ta, kai za ka cire? Ka fita, marar kunya! Ke kuma wuce bayan ɗaki!"

Surayya ta dubi mijinta, ta dubi kakarta, ta nufi wurin wankan tana kuka. Ba ta kai ba jiri ya ɗebe ta, ta zauna daɓas kusa da turmi, numfashinta na fita da ƙara.

Sai Inna Binta ta juyo.

"Surayya!"

Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar suna, ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwarta.

"Surayya, ɗiyata, kama ni ki tashi." Ta rungumo ta, sannan ta dubi tsohuwa. "Iya, kowane dare ina jin numfashinta ta bango, ina kuka ni kaɗai. Mun rufe ubanta. Ba zan rufe ta saboda kunya ba. Ishaƙu, nemo amalanke."

Ta goya jaririn da kanta. Daga likitar Sarkin Hausa, ƙaramin asibitin garin, aka wuce da su asibitin Mayahi. Lokotoro, wato babban likita, ya duba ya ce ruwa ne ya taru a jikinta saboda zuciyarta ta gaji, kanwa da zafin wankan kuma suna ƙara mata nauyi; da an ƙara jinkiri, da labarin ya zama wani. Aka kwantar da ita, aka sa ta a kan magani. Kumburin ya saɓe, har ta iya kwanciya ta yi barci.

Amma Ishaƙu bai huta ba. Danginsa suka yi masa ca, wai ya zubar musu da mutunci a gidan surukai. Abokan kasuwa suka riƙa tsokanarsa da "ungozoma". Iya ta daina amsa gaisuwarsa. Bai rama ba, bai kuma fasa ba: duk Juma'a sai ya je ya tsuguna a zaure, ya ajiye goro, ya yi sallama ga bango ya dawo.

Wata ranar kasuwa yana kan keken ɗinki a gida, Surayya da ta dawo ɗakinta na shayar da yaro, sai ga Iya da ƙwarya a ka. Ta dire ta, ta tsaya tana ƙare wa jikarta kallo.

"Hm! Sun tsotse ki kamar rake."

"Amma ina numfashi, Iya."

Tsohuwa ta share ido da gefen zane, ta buɗe faifai.

"Ga kunu nan. Na tsamiya ne, ko ƙwayar kanwa babu. Salam kamar ruwan rijiya, ban san yadda za ku sha ba." Ta harari Ishaƙu. "Kai kuma angona marar kunya, ina zanen da na ce ka ɗinka mini?"

Ya yi dariya har da ƙwalla, ya jawo shi daga ƙarƙashin keke, don tuni ya ɗinka ya ajiye.

Ya ku 'ya'yana, kunya ado ce kuma tana daga imani, girmama tsofaffi wajibi ne. Amma malamai sun sanya tsare rai, abin da suke kira hifzun nafsi, cikin manyan manufofin shari'a, kuma babu al'adar da ta fi shi. Mai jegon da ta kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta likita a ranar. Wanda kuma ya faɗi gaskiya da ladabi, ya jure zargin da ya biyo baya, zai ga bayan haƙurinsa kamar yadda Ishaƙu ya gani.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta, Ya sa mu cika da imani. Amin.