Saƙonnin Da Suka Faɗa Wayar Yaya

Ranar da Kampamba ya fara ganin Lombe, a saman falwaya yake a unguwarmu ta Kansenshi a Ndola, yana gyaran layin tarhon gidansu. Ta fito da tsintsiya, ta ɗaga kai ta ce, "Bawan Allah, in za ka faɗo ka faɗo can gefe, yanzu na share nan."

Dariya ta kusa kayar da shi. Aikin rabin awa sai da ya cinye masa wuni.

Mahaifiyarsu na kwance da shanyewar ɓarin jiki, Lombe da yayarta Chilufya ke jinya karɓa-karɓa. In suna kanta ba sa samun ɗaukar waya, sai Chilufya ta roƙe shi ya haɗa layin gidan da wayarta ta hannu. Ya haɗa: tarho ya yi ƙara huɗu ba a ɗauka ba, kira ya wuce wayar Chilufya. Ya kwashe kayansa ya manta da zancen, hankalinsa duk yana kan ƙanwar.

Wata takwas saƙonni na kai da kawowa tsakaninsa da Lombe.

"Tauraruwata, yau falwaya goma sha ɗaya na hau, a kan kowacce rufin gidanku nake hange."

"Ka dai riƙe da kyau, Ɗan sama. Ba na son miji mai karyayyen ƙugu."

Mahaifinsu da farko cewa ya yi ba zai ba mai lilo a kan waya 'yarsa ba. Amma da ya ga duk Lahadi yaron ke ɗaukar mahaifiyarsu Lombe cak ya sa ta a mota zuwa coci, sai ya sauko. "To, ya turo wakili a yi abu bisa al'ada. Ƙarshen wata zan koma gona. In ban ji komai ba, na san wasa yake, kada a ƙara yi mini maganarsa."

A wurinmu, da zarar magana ta kai nan, saurayi ba ya taka gidan, ba ya kira. Wakili ke neman rana. Kampamba ya ɗora wa wani dattijo, Baba Nkweto.

Kullum Lombe na duba akwatin ɗaukar saƙo da ke gefen tarho. Wayam. Sati ɗaya, biyu, uku. Yarinya ta rame, tuwon nshima ma sai ta tsakura ta ture. Chilufya kuwa ta zauna tana shafa mata baya: "Maza ke nan, ƙanwata. Ki yi haƙuri."

Da abin ya ishe ta, ta rubuta masa: "Baba ya haɗa jakarsa. In ka fasa ne ka gaya mini, kada ka mai da ni abin dariya a gidanmu."

"Sau uku Baba Nkweto ya kira ya bar saƙo. Ku kuka yi shiru, kin kuma san ma'anar shiru."

"Ƙarya kake. Babu komai a akwatin. Na yi da-na-sanin yarda da kai."

Kalmar nan ta ƙona shi. Kwana biyu yana ganin sun raina shi ne, suka kuma haɗa masa da sharri. Rana ta uku ya ajiye al'ada gefe ya buga lambar gidan da kansa. Mai sana'a ba ya barin hali, yana jira yana ƙirga ƙarar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai murya ta ce, "Kun samu Chilufya, ku bar saƙo."

Ya dafe kai. Akwatin gidan sai a ƙara ta shida yake ɗauka, shi kuma da hannunsa ya sa kira ya tsere a ta huɗu. Baba Nkweto ina ya san muryar wa ya ji? Muryar mace ce ta gidan, ya zuba gaisuwarsa ya ajiye.

"Tauraruwata, laifina ne rabi. Sauran rabin ki tambayi wayar yayarki."

A kicin Lombe ta same ta tana gyaran ganye.

"Yaya, ba ni wayarki."

Chilufya ba ta ko ɗago ba. "Na goge su."

Lombe ta ɗaga murya, har mu maƙwabta muna jin ta ta katanga.

"Sau uku kika ji muryar tsohon nan, sannan ki zo ki rungume ni ina kuka? Ke, Yaya? Na zagi mutumin da bai yi mini komai ba!"

"In kin tafi wa zai taya ni juya Mama? Shekarata talatin da huɗu, Lombe. Wanda ya so ni ya gaji da jira ya tafi, ko tambaya ba ki taɓa yi ba."

"Da bakinki za ki faɗa mini. Da na tsaya miki."

Washegari Baba Nkweto ya iso da ƙafarsa, riƙe da kwanonin gaisuwa a rufe. Uban ya buɗe su gaban jama'a, wanda a wurinmu shi ne amincewa. Kampamba ya gyara layin, ya kama haya a bayan titinsu.

Ranar aure, bayan an fito daga coci, uban ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu jin ƙanku." Kowa ya ce amin. Ango sai murmushi yake kamar gonar auduga.

Chilufya na can baya, riƙe da keken da mahaifiyarsu ke zaune a kai, ta kasa matsowa. Amarya ta saki hannun mijinta, ta ratsa mutane har gabanta.

"Litinin, Laraba da Juma'a nawa ne, kamar da. Ban bar miki Mama ke kaɗai ba."

Chilufya ta fashe da kuka ta miƙo hannu. Lombe ta dubi hannun, ba ta kama ba.

"Wannan kuma ki ba ni lokaci, Yaya."

Ta koma wurin mijinta. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma kawo wannan lokacin.