Matsirgar Twila

"Preston, don Allah ka sake takalmi..."

"Me ya samu wannan?" Ya ɗaga ƙafa yana juya farin takalminsa. "Jiya na saye shi, musamman saboda yau."

"Baba zai yi maka dariya."

"Ya yi ta yi! In dai zai ba ni ke, ya yi dariya har ya faɗi ƙasa, zuciyata."

Twila ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka ɗau zafi. Shekara guda ke nan suna tare, amma har yau in ya yi mata irin wannan magana sai ta rasa inda za ta sa idonta. Ita ce yarinyar da ko a coci ba a jin muryarta. Shi kuwa ɗan birnin Charlotte ne, babban birni a ƙasarsu, mai aikin kwamfuta, mai baki kamar rediyo. Ya shigo gidan abincin da take aiki neman shan kofi, ya zauna yana janta da hira har sai da ya ga haƙoranta.

A waje mahaifinta, Hoyt Ledford, ya danna hon ɗin tsohuwar a-kori-kurarsa.

"Ku fito! Ko in tafi ni kaɗai in aurar da kaina?"

Yau ce ranar hawan dutse. A gidan Ledford, duk namijin da ke neman 'yarsu sai uban ya hau da shi zuwa wata matsirga da ke ɓoye can cikin daji, inda ruwa ke faɗowa daga saman dutse zuwa wani tafki ƙarami. A jikin bishiyar wurin akwai kofin ƙarfe a rataye. Uba zai ɗebo ruwan da hannunsa, saurayi ya shanye, daga nan a sa rana. Dajin na gwamnati ne, kowa na iya shiga, sai dai babu hanya, babu alama, ko suna wurin ba shi da shi. Dokar gidan ɗaya ce tun zamanin kakanni: ba a nuna wa bare wurin kafin wannan rana.

Twila ta karya dokar. A watan Afrilu Preston ya yi ta roƙonta, ita kuma ba ta iya ce masa a'a. Ta kai shi a ɓoye, ya rantse mata babu wanda zai ji. Wata shida ke nan abin yana cin ta.

Da suka karya kwanar ƙarshe, Hoyt ya taka birki.

Motoci tara ne jere a gefen titi, a inda Twila ba ta taɓa ganin ko keke ba.

"Mutuwa aka yi?" in ji Hoyt.

Preston ya hau gyaran igiyar takalminsa.

Da can, sai mutum ya durƙusa ya kutsa cikin sarƙaƙiya kafin ya shiga. Yanzu an tattake wurin ya zama hanya mai faɗi, an karya rassa, an feffesa jan fenti a jikin bishiyoyi. Ba su yi nisa ba wari ya tare su. Bayan wani dutse takardun bayan gida ne birjik, ƙudaje na tashi a kan abin da aka bari ko rufewa ba a yi ba. Can gaba, wani ya ƙulle kashin karensa a leda ya rataye a reshe, daidai fuskar mai wucewa.

Twila ta toshe hanci da gefen rigarta.

"Baba... mu koma gida."

"Mu ci gaba kawai," ya ce, bai waiwayo ba.

Suna cikin hawa sai ga wata mata tana saukowa, tana haki, da gwangwanin giya a hannu.

"Sannunku! Ku daure, kun kusa. Ai Matsirgar Twila ta cancanci wahalar!"

Hoyt ya tsaya cak.

"Matsirgar wa kika ce, baiwar Allah?"

"Twila mana. Haka aka rubuta a intanet, har da taswira. Wani ne ya sa mata sunan budurwarsa. Ni kam mijina ko kaza bai taɓa sa wa sunana ba!"

Ta tuntsire da dariya, ta kurɓe sauran giyar, ta ajiye gwangwanin a kan kututture ta wuce.

Twila ta juya a hankali ta kalli Preston. Murmushi yake yi, irin na yaron da aka buɗe kyautarsa tun lokaci bai yi ba.

"Ta ɓata mini shiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "So na yi sai mun isa in gaya miki. Masoyiyata, sunanki fa yana kan taswira yanzu! Mutum dubu arba'in sun ga hoton wurin da na ɗora a intanet."

"Ka rantse mini..."

"Na rantse ba zan gaya wa Baba ba. Kuma ban gaya masa ba."

Hoyt ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki gwangwanin matar ya cusa a aljihu, ya ci gaba da hawa.

Kafin su ji ƙarar ruwa, kiɗa suka fara ji.

Matsirgar tana nan yadda take, fara tas, tana zubowa tsakanin jajayen ganyen kaka. Amma ƙasanta... Twila ta bi wurin da kallo. Kwalabe, ledoji, ƙasusuwan kaza, rigar ciki da wani ya yar. Kunzugun jarirai biyu sun kumbura suna yawo a bakin tafkin. Wani ƙato ya tsoma ƙafafunsa a ruwa yana kankare dattin yatsunsa da tsinke. Shimfiɗaɗɗen dutsen da mahaifiyarta ke zama tana tsefe mata kai, kafin ta rasu shekara uku da suka wuce, an hura wuta a kansa ya yi baƙi ƙirin.

A jikin babban dutsen kuwa, an rubuta sunanta da jan fenti, harafi kamar tsayin mutum. A ƙasansa wani ya zana abin da ba za ta iya faɗa da bakinta ba.

Ta juya gefe ta yi amai.

"Kai, wannan bai dace ba," in ji Preston yana shafa bayanta. "Mutane ba su da tarbiyya. Amma ana gyarawa, zuciyata, zan nemo masu wanke fenti..."

"Cire hannunka," in ji Twila.

Hoyt ya nufi bishiyar. Kofin ba ya jikinta. A ƙasa ya same shi, cike da guntayen sigari da tofin taba. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya juyo.

"Twila. Wa ya nuna masa hanya?"

"Ni ce, Baba."

"Yaushe?"

"Afrilu..."

"Afrilu." Ya gyaɗa kai. "Wata shida kina zuba mini kofi da safe, kina kallon idona."

"Baba, ka yi haƙuri, laifina ne," Preston ya sa baki. "Don ƙauna na yi. Kuma ai gaskiya wurin ba na kowa ba ne, na gwamnati ne, kowa yana da..."

"Na tambaye ka, ɗan birni?"

Hoyt ya zazzage kofin, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya ɗauraye shi sau ɗaya. Ya ɗebo ruwa daidai inda ubansa ya ɗebo wa surukansa, taku biyu daga kunzugun. Ya miƙe, ya miƙa wa Preston.

"Ka zo neman 'yata. Ga ruwan gidanmu, yadda ka mayar da shi. Sha."

Twila ta zuba wa Preston ido. Duk da abin da ya yi, duk da warin da ke hancinta, ta samu kanta tana roƙo a ranta: ka sha, Preston... ka sha ko kurɓi ɗaya ne, ka yi amai in ka so, ka kwanta asibiti, ni zan yi jinyarka. Ka nuna ka san abin da ka ɓata.

Ya karɓa. Ya kai kofin kusa da baki. Ya leƙa ciki, ya kalli ƙaton mai kankare yatsu, ya yamutsa fuska, ya sauke hannu.

"Baba, tsakani da Allah, wannan ruwan cuta ne zalla. Ko kare ba zai sha ba." Ya ɗan yi dariya. Sai idonsa ya yi haske, ya zaro kwalbar ruwa daga jakarsa. "Ga dabara! A zubar da wannan, a zuba na kwalba a kofin. Ai duk ɗaya ne, ko? Twila, riƙe wayar ki ɗauke mu hoto. Ki tsaya ta can, yadda shara ba za ta fito ba."

Ya miƙo mata wayar.

Twila ta kalli wayar, ta kalli fuskar da ta yi shekara tana mafarkinta. Kyakkyawa ce har yanzu. Amma abin da ta ji a ranta shi ne irin wanda ta ji a bayan dutsen nan mai ƙudaje.

"Yadda shara ba za ta fito ba," ta maimaita.

"To me na ce kuma?"

Ta karɓi kofin daga hannunsa ta miƙa wa mahaifinta. Sannan ta murza zoben alkawarin da Preston ya sa mata a yatsa. Ya ƙi fita, ta ja da ƙarfi har fatar ta yi ja.

"Twila! Me kike yi? Kan ruwa?"

"Ungo."

"Masoyiyata, saurare ni! Zan goge hoton, yanzu-yanzu, ga shi a gabanki..."

"Goge. Su kuma dubu arba'in ɗin, za ka goge su?" Ba ta taɓa jin muryarta ta ɗaga haka ba. Har mai kankare yatsu ya ɗago kai. "Nan mamana take zama, Preston! Na gaya maka! A nan na yi maka kuka, kai kana gyara waya!"

"Ina son ki..."

"Na sani. Ni ma ina son ka. Shi ya sa nake jin ƙyamar kaina."

Ta sa masa zoben a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Idanunsa suka cika da hawaye, na gaske, ta kuma ga na gaske ne. Ya tsaya yana jiran ta sake magana. Da ya ga ta juya masa baya, ya kama hanyar gangarowa, yana taka-tsantsan da taɓo.

Twila ta tuɓe rigar sanyinta ta shimfiɗa a ƙasa. Ta shiga ruwan har gwiwa, ta kama kunzugun farko da hannunta. Nauyinsa da santsinsa suka sa ta sake yunƙurin amai, amma ba ta saki ba. Hawaye na zuba, ta kwaso na biyu.

Ta ji motsin ruwa a gefenta. Hoyt ne ya shigo da takalminsa da komai, yana tsintar kwalabe.

"Baba... za ka yafe mini?"

Ya zuba kwalaben a kan rigar. Sannan ya goge ido da kafaɗa.

"Kama can gefen rigar, 'yar nan. Ta yi mini nauyi ni kaɗai."

Suna ɗaure kayan sai wata budurwa ta matso da waya a hannu, tana murmushi.

"Sannunku da ƙoƙari! Ku 'yan garin nan ne? Don Allah wace ce wannan Twila ɗin? Mai sa'a! Ina ma a ce ni aka so haka."

Twila ta ɗaga kai ta kalli jan rubutun da ke jikin dutsen. Ta share majina da bayan hannu.

"Ban san ta ba," ta ce. "Ɗan matsa, kin taka leda."