Ƙyallen da Ke Kan Akwatin Intanet

Ranar da mai gyaran intanet ya fara zuwa gidan, Auta ce ta buɗe masa ƙofa, littafi a hannunta, yatsanta maƙale a tsakiyar shafi. Dogo ne, da jakar kayan aiki a kafaɗa, wuyan rigarsa ta kamfani duk ya koɗe.

"Nan ne intanet ke ɗaukewa?"

"Nan ne," ta ce, idonta a kan takalminsa.

Wata biyar ke nan da rasuwar Umma. Gidan ya yi shiru, har motsin agogon falo ana ji. Abba ya daina fita sai masallaci. Abin da ya rage masa na daɗi shi ne kiran bidiyo da la'asar, ya ga babbar 'yarsa da ke aure a wata ƙasa, ya ga jikokinsa. To ana cikin hira sai fuskokin yaran su daskare, fitilar akwatin ta koma ja. Abba ya yi ta kallon wayar. Wannan kallon ne Auta ba ta iya jurewa.

Mai gyaran ya bi waya tun daga turken waya na bakin titi har falo, ya gwada gudun intanet, komai lafiya ƙalau. Zuwa na biyu ya canza caja. Na uku ya canza akwatin ɗungurungum. Duk a banza. Sai ya ba ta lambarsa, ya ce duk sa'ad da ta ɗauke ta rubuto masa lokacin.

"4:20. Ta ɗauke."

"Na gani. Yau wane littafi ake karantawa?"

Sai da ta goge amsa sau huɗu kafin ta tura. Bayan wata guda saƙonnin sun canza kama.

"'Yar Littafi, kin ci abinci kuwa, ko shafi kika ci?"

"Mai Gyarana, ka fara gyara abin da aka kira ka dominsa tukuna."

Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ta fara ƙirga zuwansa.

"Yaya, zuwa bakwai gyara bai ƙare ba? Ruwa ba ya tsami banza. Shi yake kwance wani abu don ya samu hanyar dawowa."

Don haka ranar da saurayin ya durƙusa ya nemi izinin turo manyansa, Abba ko kallonsa bai yi ba.

"Wanda ya ha'inci aikinsa don ya ga mace, ita ma zai ha'ince ta. Tashi ka ba ni wuri."

Bai tsaya nan ba, ya kai ƙara kamfani. Aka dakatar da saurayin daga aiki. Ya turo wa Auta saƙo.

"Wallahi ban taɓa barin gyara da gangan ba. Ke ma kin yarda da su?"

Kwana uku ba ta amsa ba, domin ita ma zuciyarta ta fara raya mata haka. Tana wanke-wanke tana kuka. Aka turo wani dattijo ya duba, ya ce komai lafiya, ya tafi. Da la'asar fitila ta koma ja.

Sai ga wani saƙon daga saurayin.

"Wannan ba zancen so ba ne. In ta ɗauke yau, kada ki taɓa komai. Ki ɗauki hoton akwatin yadda yake, ki turo mini."

Ta tura. Minti bai cika ba ya kira.

"Mene ne wannan a kansa?"

Ƙyalle ne na ulu, mai kauri, saƙar hannu. Umma ba ta barin kaya a buɗe. Talabijin da rediyo duk ta saƙa musu abin rufi. Wannan shi ne na ƙarshe da ta saƙa, tana kwance. Kullum bayan azahar Abba kan goge ƙurar falo yadda Umma take yi, ya shimfiɗa shi a kan akwatin, ya daidaita gefensa. Ita kuwa Auta, duk ranar da mai gyara zai zo, sai ta ɗauke ta ninke, kada hannun baƙo ya ɓata shi.

"Ɗora hannunki a kai."

Zafi kamar murfin tukunya.

"Ramukan shan iskarsa a sama suke," ya ce a hankali. "In an toshe su sai ya yi zafi ya kashe kansa. Ki yi haƙuri, 'Yar Littafi. Na so a ce wani abu ne daban."

Yini guda tana zagaye Abba. In ta yi shiru, mutum ya rasa aikinsa da mutuncinsa. In ta faɗa, ta raba tsoho da ɗan abin da ya rage yana yi wa matarsa. Washegari da ya ɗauko ƙyallen, sai ta riƙe hannunsa.

"Abba, don Allah yau kawai a bar shi a buɗe."

Ta yi masa bayani. Ya zauna da ƙyallen a cinya. Ran nan ya yi awa guda da rabi yana hira da jikokinsa, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Da aka gama ya shige ɗaki ya turo ƙofa, Auta na jiyo shesshekarsa.

Da safe ya sa babbar riga, ya tafi kamfanin da ƙafarsa ya janye ƙara. Daga can ya sa aka nuna masa gidan su yaron.

"Ɗana, na ɗora maka laifin da yake nawa. Ka yafe mini. In har yanzu kana so, ka turo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, ba taro mai yawa. Da za a tafi da ita, Auta ta ƙanƙame ƙofar falo.

"Abba, wa zai zauna da kai?"

"Wanda ya zauna da ni kafin a haife ki, Allah." Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannunta cikin na angon. "Na zarge ka, ka yi haƙuri da ni. Ka yi irinsa da ita. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare."

Duka su biyun suka ce amin.