Sifika Ba Ta Mantuwa

Da hantsi aka kawo wata mata ofishin 'yan sanda tana kuka. Mai jinya ce, ita ke kula da wani tsoho da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Babban ɗan tsohon ne ya taso ta a gaba. Yaya ake ce masa a gida, sai huci yake yi.

"Sufeto, ɓarauniya ce! Sifikun Baba guda biyu sun yi ƙafa, kuma ita ke kwana tana tashi a ɗakin."

"Wallahi ranka ya daɗe, ko allura ban taɓa ɗauka ba," in ji matar. "In aka ce ni ɓarauniya ce, wa zai sake ba ni amanar mara lafiya?"

Sufeto ya sa aka ajiye ta bayan kanta, amma ransa bai so ba. Ya ɗauki hularsa suka nufi gidan.

Tsohon na kwance, ya juya fuska bango. A kan teburi ga kwamfuta, ga waya tana reto inda aka zare ta. A lungu kuwa wasu jibga-jibgan sifiku ne, an lulluɓe su da zani.

"Waɗannan fa?"

"Yaya ne ya saya, masu tsada," in ji Auta, ƙaramar 'yar tsohon. "Baba ya ce ƙararsu na hau masa kai."

"Waɗanda suka ɓata fa?"

"Ni na zaɓo su. Shago-shago na bi, na ce ina son masu araha da ke amfani da wutarsu kai tsaye, ba sai an haɗa da wata na'ura ba. Ban nemi masu girgiza ƙirji ba, na ɗauki waɗanda muryar mawaƙi ke fita tas ko an rage sauti, kuma makunninsu na gaba yadda hannun Baba mai lafiya zai kai. Tun da suka ɓata ya ƙi cin abinci."

"Da me kuke jona su?"

"Da waya, jikin kwamfuta. Suna da bulutut na haɗawa da wayar hannu ta iska, amma ba mu taɓa kunnawa ba."

Sufeto ya tsura wa lungun ido. Wane irin ɓarawo ne zai bar saniya ya ɗauki akuya?

Ya juya ga Yaya. "Kai ka taɓa amfani da su?"

"Ni? Waɗannan gwangwanayen? Ko da tsinke ban taɓa su ba."

Sai da Sufeto ya sha rana a layin 'yan gwanjo kafin ya hango su a wata rumfa, ɗaya da tabon shayi a kai kamar yadda Auta ta kwatanta. Mai rumfar ya fara da rantse-rantse, wai daga kamfani ya saro. Da ya ga ankwa sai harshe ya warware.

"Wani ne ya kawo, yallaɓai. Hular kwano ce a kansa, ban ga fuska ba."

"Haka ka karɓa ido rufe?"

"Ina! Ba na sayen abin da ban ji kukansa ba. Ba kwamfuta a nan, sai na sa ya haɗa da wayarsa ya kunna."

"Bayan shi wani ya haɗa?"

"Ko mutum ɗaya."

Da yamma Sufeto ya tara su a ɗakin tsohon, har da mai jinyar. Ya ɗora sifikun kan teburi, ya jona wuta, bai sa wayar kwamfuta ba. Ƙaramar fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, sannan ta tsaya cak.

"Kowa ya kunna wani abu a wayarsa."

Ta Auta ta yi kuka a hannunta. Ta mai jinya 'yar ƙarama ce, ko waƙa babu. Yaya ya tsaya lalube, gumi ya karyo masa.

"Muna jira," in ji Sufeto.

Yaya na dannawa kiɗa ya tashi daga kan teburi, ya cika ɗakin.

Sufeto ya dube shi. "Sifika ba ta manta wayar ƙarshe da ta haɗu da ita. Ko da tsinke, ka ce?"

Yaya ya zube bakin gado. "Ni ne. Komai na kawo gidan nan bai yi ba, sai na Auta. Na ɗauka in babu su, dole ya koma kan nawa."

"Shi ne ka kai baiwar Allah bayan kanta?" Auta ta fashe da kuka. "Haba Yaya!"

Tsohon ya yunƙura da ƙyar, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya murɗe makunnin. Ɗakin ya yi tsit. Ya daɗe yana kallon ɗansa, bakin nan da ya karkace yana rawa.

"Da... ka tambaye ni... da na kunna naka."

Sufeto ya kama kafaɗar Yaya ya fita da shi. Mai jinyar ta share hawaye, ta ɗauko kwanon abinci ta zauna gefen gadon. Tsohon ya sake juya fuska bango.